Waƙar da Mai Ƙararrawa Ya Ƙi Kunnawa

Mutumin da ake kira Mai Ƙararrawa ɗa ne ga Baba Ƙugiya, ma'aikacin gidan ƙanƙara. Shi kuwa Baba Ƙugiya ɗa ne ga Mai Tulu, wanda ya ƙare rayuwarsa yana ɗebo ruwa daga famfon bakin kasuwa zuwa gidajen mutane. Ta wajen uwa, jika ne ga wani mai gyaran agogo. Zuriya ce ta masu ɗaukar ruwa: kakan ya ɗauke shi yana gudana, uban ya ɗauke shi a daskare, jikan kuma yana yawo da shi an sa masa sukari da launi. Ban san ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa riƙe muƙami ba, kuma ba a taɓa jin an kai ɗayansu gaban alƙali ba.

Dalilin rubuta labarinsa shi ne wani zaɓi da aka ɗora masa a 'yan shekarun baya. Kamfanin askirim da yake yi wa talla ya ce ko dai ya riƙa kunna wata tsohuwar waƙa a lasifikar kekensa, ko kuwa ya mayar da keken, wanda da shi yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa mata da tsohon mahaifinsa. Waƙar tasa ce, shi ya rera ta yana saurayi. Abin da zan bayar na ji shi daga bakinsa, da bakin matarsa, da na makaɗin tsohuwar ƙungiyarsu. Inda maganarsu ta saɓa zan faɗa.

Baba Ƙugiya ya shiga aikin gidan ƙanƙara a zamanin da firji sai gidan wane da wane. Akan zuba ruwa a dogayen gwangwanaye, a nutsa su cikin ruwan gishiri mai tsananin sanyi har su daskare, su fito tubala masu tsawon da ya kusa kai ƙugun mutum. Aikinsa shi ne ya cafki tubali da ƙugiyar ƙarfe, ya ja shi a kan katako zuwa ɗakin sanyi, ya jera. Idan masu kifi da masu lemo suka zo, ya fito da shi a yanka da zarto, a barbaɗa garin katako, a naɗe cikin buhu. Ɗakin sanyin ba shi da taga. Ƙofarsa ta ƙarfe ce mai kauri, sakatarta kuma ta waje ce kaɗai, saboda haka ƙa'idar gidan ita ce duk mai shiga ya tokare ƙofar da guntun katako. Mutum ne mai kame kai, marar yawan raha, wanda ko a lokacin zafi ba ya rabuwa da riga biyu. Ma'aikata suna jin nauyinsa. Ko mai gidan ƙanƙarar ba ya kiransa daga nesa, sai ya taka ya same shi.

A lokacin da ɗansa ya tasa, kiɗan birni yana cikin sauyi. Faifan garmaho ya fara ba kaset wuri, kuma da zuwan kaset kowane mai shago ya zama gidan rediyon kansa. Samari suka riƙa haɗa ƙungiyoyi, wannan da jita, wancan da ganga, suna kwana da burin a ji muryarsu a bakin titi. A wata shekara mai zafi ƙwarai wani mawaƙi ya kwatanta masoyiyarsa da ruwan ƙanƙara, waƙar ta karɓu, sai kowa ya bi sahu. Wani ya ce zuciyarta ce ƙanƙara. Wani ya ce shi ne yake narkewa. Akwai wanda ya yi waƙa sukutum a kan lemo mai sanyi ba tare da ya ambaci mace ba. A ganina yawancinsu ba su cancanci a tuna da su ba, kuma ba a tuna da su ɗin.

Ɗan Baba Ƙugiya yana da murya, abokinsa Makaɗi yana da hannu. Suka shirya tasu waƙar ƙanƙarar suka kai wa wani mai situdiyo. Bai bari sun kai ƙarshen baiti na farko ba.

"Ku ma ƙanƙarar ce?" in ji shi. "Wallahi tun safe ƙanƙara nake ji, har mura ta fara kama ni. Ku kawo mini abin da kunne bai taɓa ji ba, ko ku koma ku yi wa kakanninku waƙa."

A hanyarsu ta komawa Makaɗi ya dafa kafaɗar abokinsa ya ce, "Kai fa ka cika shashasha. Masu waƙoƙin nan ko tubali ɗaya ba su taɓa ɗagawa ba, kai kuwa tsohonka a cikinta yake wuni. Mu ari rikoda mu je mu ɗauko ƙararta ta gaske."

Suka aro rikoda, suka je da tsakar rana, lokacin da yawancin ma'aikata suka fita cin abinci. Suka ɗauki ƙarar zarto, suka ɗauki ƙarar jan tubali a kan katako. Da suka saurara, Makaɗi ya ce kamar ana gyaran rufin kwano. Suna cikin wannan takaici Baba Ƙugiya ya wuce su, ya tokare ƙofar ɗakin sanyi kamar yadda ya saba, ya shiga.

A nan maganarsu ta saɓa. Makaɗi ya ce katakon ne ya zame da kansa, abokinsa jinkirin buɗewa kawai ya yi. Mai Ƙararrawa ya ce da ƙafarsa ya ture katakon, da hannunsa kuma ya saukar da sakata. Na karɓi tasa, domin ban ga abin da zai sa mutum ya ƙara wa kansa laifi a banza ba.

Da farko tsohon ya ƙwanƙwasa da hannu, a natse. Daga baya ya koma bugawa da ƙugiyarsa, bugu biyu a jere sai ɗaya, bugu biyu a jere sai ɗaya, ƙarfe a kan ƙarfe. Sa'an nan muryarsa ta fito ta cikin ƙofar, haƙora suna haɗuwa: "Wa ke nan? A buɗe! A buɗe mana!" Ɗan yana tsaye ya manna rikoda a jikin ƙofar. Makaɗi ya raɗa masa cewa ya isa haka, shi kuwa ya ɗaga masa hannu alamar ya dakata. Bugun ya fara raguwa. Can sai ya tura rikodar ƙarƙashin buhu, ya yi 'yan taku da ƙarfi kamar wanda ya sheƙo da gudu daga waje, ya zare sakatar.

Baba Ƙugiya ya fito girarsa ta yi fari. Ya zauna a rana a kan wani benci, jikinsa yana ta ɓari, ya riƙe wuyan hannun ɗansa ya ce, "Allah ne ya kawo ka. Allah ya yi maka albarka. Laifina ne, ban danna katakon da kyau ba."

Mai situdiyo da ya ji kaset ɗin sai ya miƙe tsaye. Suka ɗora ganga a kan bugun ƙugiyar, suka ɗora jita a kan gangar, suka bar muryar tsohon ta zama amshi. Mawaƙin yana roƙon wata budurwa ta buɗe masa zuciyarta, sai muryar nan mai rawar ɗari ta amsa, "A buɗe! A buɗe mana!" Kafin a ce me, waƙar ta cika gari. Ana jin ta a shagon tela, ana jin ta a tashar mota. Har rawa aka ƙirƙiro mata, a riƙa kaɗa kafaɗu kamar mai jin sanyi ana dukan iska da dunƙulallen hannu. Duk wanda ya kai shekaruna ya ga wannan rawa, ko da bai taka ta ba. Mutane sun ɗauka wani ɗan wasan kwaikwayo aka samo ya yi muryar, suna ta yaba gwanintarsa.

Baba Ƙugiya ba mai sauraron waƙa ba ne. A shagon aski ya ji ta, an shafa masa kumfa a fuska, rediyo yana kan kanta. Wanzamin yana dariya ya ce, "Baba, ka ji aikin ɗanka kuwa? Wannan tsohon mai kuka, a ina ya tono shi?" Tsohon bai motsa ba har aka gama askin. Da yamma ya shigo gida ya tarar da ɗan yana wanke takalminsa a bakin famfo. Ya tsaya a kansa, ya dube shi, ya ce, "Ashe kana bakin ƙofar." Ɗan bai ɗago ba. Uban ya wuce ɗaki. Maganar ba ta sake tashi a tsakaninsu ba har ɗan ya yi furfura.

Abokan aikin tsohon ba su daɗe ba suka gane muryar, daga gare su kuma unguwa ta ji. Ba su san yadda aka yi aka ɗauke ta ba, sun zaci da yardarsa ne, abin da ya ƙara ba su dariya ke nan: dattijon da ba ya wasa da kowa ashe ɗan wasa ne a ɓoye. Yara suka riƙa bin sa a titi suna kaɗa kafaɗu. Ya nemi a ɗauke shi daga ɗakin sanyi, aka mai da shi gadin ƙofar shiga. Nan abin ya fi muni, domin duk direban da ya zo ɗaukar kaya sai ya leƙo ta taga ya sa muryarsa karkarwa ya kira amshin waƙar. Shi kuwa ya tashi ya buɗe. Haka ya yi har ya bar aiki.

Zan so in rubuta cewa ɗan ya daina rera waƙar tun daga ranar da ubansa ya yi masa magana, amma ba haka aka yi ba. Ya ci gaba da rera ta a gidajen rawa muddin ana neman ta, ya ɗinka riguna da ita, ya sha tafi. Yayi ne ya wuce ya bar shi. Kiɗan inji ya shigo, mutum ɗaya ya riƙa yin aikin ƙungiya guda, aka daina kiran masu jita da ganga. Makaɗi ya koma tuƙin haya. Mawaƙin ya yi dako, ya yi fenti, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata. Da mahaifiyarsa ta rasu ya ɗauko uban ya dawo da shi wurinsa, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya da maƙwabta. Kullum da safe yakan durƙusa ya gaishe shi, uban ya amsa da kyau, ya tambayi aiki, ya sa albarka. Matarsa ta ce ta yi shekaru tana ganin gaisuwar nan tana jin akwai abin da ba daidai ba, kamar mutane biyu da ke zagaye rami a tsakar ɗaki, amma ba ta san mene ne ba.

Daga ƙarshe ya samu shiga kamfanin askirim. Aka ba shi keke mai farin akwati a gaba, ya ɗaura masa ƙaramar ƙararrawar hannu, daga nan sunan ya bi shi. Ya iya aikin. Ya san makarantar da ke tashi da wuri, ya san layin da inuwa take daɗewa, kuma bai taɓa miƙa wa yaro wanda ya fara narkewa ba. Gidan ya samu natsuwa.

Ana nan sai ɗan mai kamfanin ya karɓi ragama. Saurayi ne mai son sabon abu, ya sa aka ɗaura wa kowane keke lasifika. A lokacin tsofaffin waƙoƙi sun sake dawowa yayi, shi kuwa ya zaɓi wannan, domin ya lura yara suna kewaye akwati suna ihun amshinta. Da sauran 'yan talla suka gaya masa wanda ya rera ta, sai ya kira shi ofis yana murna.

"Ashe kai ne, Baba! To ai kai ya kamata ka fi kowa ƙure ta. In sa a rubuta a jikin akwatinka?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ƙararrawata ta ishe ni."

Ba ta ishe shi ba. Yara sun koyi bin waƙar, suna jin ta daga nesa su ruga, shi kuwa ya wuce da ƙararrawarsa ba wanda ya waiwayo. Ya riƙa dawowa da rabin akwati. Manajan, wato ɗan mai kamfanin, ya yi haƙuri na ɗan lokaci, sa'an nan ya tare shi a bakin ɗakin ajiye kekuna, a gaban sauran.

"Baba, ba na son in yi wa babba rashin kunya. Amma keken nan na kamfani ne, lasifikar ma ta kamfani ce. Ko ta yi magana, ko ka ajiye mini kayana ƙarshen mako."

Wani daga cikin 'yan tallan ya ce, "Ku ƙyale shi, tauraro ne, sai an shimfiɗa masa jan kafet." Aka yi dariya.

Matarsa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, waƙarka ce fa, ba ta maƙwabci ba. Ƙattin banza suna cin abinci da ita, kai mai ita kana yawo kana kaɗa ƙararrawa kamar akuyar da ta ɓace. In girman kai ne, ka faɗa mini in san abin da zan zuba wa yaran nan a kwano." A nan ne ya gaya mata, a karo na farko, abin da ke cikin waƙar. Sai ta nuna tsakar gida da haɓa ta ce, "To ai ba ni za ka gaya wa ba. Ga shi can."

Tsohon yana zaune a rana da rigar sanyinsa, kamar kullum. A lokacin kunnensa ya yi nauyi ƙwarai. Ɗan ya durƙusa kusa da shi ya fara magana ƙasa-ƙasa.

"Me ka ce?"

Ya maimaita.

"Ka ɗaga murya, kai ba mawaƙi ba ne?"

Dole ya faɗe ta da ƙarfi, da rana tsaka, a gidan da kowace ƙofa ke kallon tsakar gida. "Na ce ni na ture katakon, Baba! Ni na sa sakata!" Maƙwabciyar da ke wanki ta tsaya da hannunta cikin kumfa. 'Ya'yansa mata suka leƙo daga ɗaki, uwar ta mai da su, amma sun riga sun ji.

"Yau ka sani?" in ji tsohon. "Ni na daɗe da sani. Abu ɗaya ne ban sani ba, na kuma daɗe ina son in sani. Me ya sa ka buɗe a lokacin da ka buɗe? Tausayi ne, ko motsin wani ka ji?"

Matar ta ce ta yi fatan mijinta ya yi ƙarya. Bai yi ba.

"Kaset ne ya ƙare, Baba."

Wannan ma sai da ya maimaita ta da ƙarfi. Tsohon ya ce, "Gara da ba dogon kaset kuka aro ba." Ya gyara zama. "Uwarsu ta gaya mini maganar keken. Ka je ka kunna abinka. Yaran nan ba za su ci kunyarka su ƙoshi ba. Ni na daɗe da fitowa daga ɗakin can. Na yafe maka, tashi ka ba ni rana, ka tare mini."

Washegari ya kunna. Tun daga layin farko yara suka yanyame shi suna tsalle suna ihun amshi, har da iyaye mata masu leƙowa suna kaɗa kafaɗa suna tuna ƙuruciya. Kafin azahar akwati ya zama wayam. Manajan ya tafa masa a gaban kowa, ya ce sauran su yi koyi da dattijo. Matarsa ta ce ranar ce ta fara yin numfashi sosai tun da aka soma rigimar.

Da gari ya waye ya tura keken zuwa kamfani, ya kwance ƙararrawarsa, ya miƙa makulli, ya komo gida a ƙasa.

Yanzu kula yake ratayawa a kafaɗa, yana sarin ƙanƙarar leda mai zaƙi daga wurin wata mata mai firji a layinsu. Abin da yake samu bai kai rabin na da ba. Matarsa ta koma karɓar wankau, babbar 'yarsa kuma ta jingine karatun ɗinki da ta fara, kuma har yau ba ta sake masa fuska sosai ba. Uban, wanda ya rasu daga baya, ya ce masa wauta ya yi. Ni ma, da na auna abin ta kowace fuska, ban ga hujjarsa ba: wanda aka yi wa laifi ya yafe, ya kuma ba da izini da bakinsa, waƙar kuma ba ta fasa yawo a kan sauran kekuna ba. Saboda haka wata rana da ya sauke kularsa a inuwar ƙofar gidana yana share gumi, na tambaye shi kai tsaye me ya sa ya mayar da keken.

Ya gyara igiyar kular, ya ce:

"Malam, ya yafe mini, ban musa ba. Amma ranar nan ina cikin tafiya, yara na bi na, sai na duba ƙasa na ga ƙafata tana bin kiɗan a kan feda. Har amshin nake yi a hankali. Daɗi na ji, Malam, daɗi sosai. To mutumin da ke jin daɗin wannan abu, ban so ya riƙa dawowa gidanmu da yamma yana gaishe da tsoho."